Gyara wuraren tarihi domin masu buƙata ta musamman

Malam, ka tambaya ko yi wa wurare irin rijiyar Kusugu a Daura ko gidan tarihi na Katsina hanyar keken guragu ba zai ɓata asalinsu ba. A ganina ba zai ɓata ba, in an yi da hankali.

Da farko ma doka ce. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika tun 2024.

Ba sai an taɓa tsohon bango ba. Ana iya ajiye gangara ta katako ko ƙarfe a gefen matakala, wadda za a iya ɗaukewa. Amma a kula da tsayinta: duk tudun santimita 10 yana son gangara mai tsawon santimita 120. Na sha ganin wadda aka yi a tsaye kamar tsani, mai keke ba ya iya hawa sai an tura shi, saukowa kuwa haɗari ne. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Hasumiyar Gobarau kam ba kowa zai hau ba, to a tanadi hotunan samanta a ƙasa, da ƙaramin samfurinta da makaho zai shafa ya ji siffarta. A ƙara da rubutun makafi, da mai yi wa kurame bayani da hannu, da benci a inuwa. Kakata ba ta da wata naƙasa, gwiwa ce kawai, amma benci ne farkon abin da take nema.