Kun Tambaya, Mun Amsa: Motar Hannu, Firizar Sana'a da Fita Cin Abinci

Tambayoyi huɗu muka ɗauka wannan makon, duk daga Zariya da kewaye. Ta mota ce ta fi cin wuri, domin a nan ne kuskuren yini ɗaya yake cinye tarin shekaru.

Daga wani malamin makaranta a Tudun Wada: Assalamu alaikum. Na tara 'yan kuɗi zan sayi motata ta farko, don kai yara makaranta da zuwa Kaduna jefi-jefi. Dillali ya nuna mini Corolla ta 2006 'yar Kwatano, da Honda Accord ta 2004 da wani ya hau a nan gida. Hondar ta fi arha kuma ta fi kyan gani. Wacce zan ɗauka, me kuma zan duba?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri. Mu dai Corollar za mu ce, muddin ta tsallake binciken da za mu zayyana maka. Injinta lita 1.8 ne, sarƙa ke juya shi ba bel ba, ba ta da cin mai, kuma babu bakanike a Sabon Gari da bai san cikinta ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, abin da mota ke sha kullum ya fi kuɗin sayenta muhimmanci ga mai albashi. Accord ta 2003 zuwa 2007 mota ce mai daɗin tuƙi, amma ka tambaya wane inji ke cikinta. Mai silinda huɗu, lita 2.4, yana da ƙwari. Mai silinda shida ya fi shan mai, kuma giyarsa ta yi ƙaurin suna. Sannan ƙafar gabanta tana son kulawa: in bol-jon ya ci aka ƙyale shi, taya na iya turguɗewa kana cikin tafiya.

Ka je ganin motar da sassafe, tare da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Da zuwanka ɗora tafin hannu a kan bonet. In da ɗumi, an riga an ɗumama ta, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Tun tana sanyi, buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka juya shi. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar koko a jikinsa, ruwa na haɗuwa da mai, galibi gasket ya ƙone. Zaro sandar man giya ka goga a farin ƙyalle: ja ake so, ba baƙi mai ƙaurin ƙuna ba.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka zuba wa dashbod ido. Dole fitilar inji da ta jakar iska su kama, sannan su mutu bayan an tayar. In ba su kama ba sam, an cire ƙwan ne don kada su tona asiri. Ka kuma saurari fankar lagireto. In ta fara juyawa nan take alhali injin na sanyi, an haɗa ta kai tsaye, kuma mai yiwuwa an cire tamostat. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a garejinmu, kuma tana ba mu takaici, domin ba ta gyara komai: lulluɓe matsalar zafi take yi, injin ya riƙa aiki cikin sanyin da bai dace ba, ya ƙara shan mai, ya tsufa da wuri.

In an tayar, koma bayan motar. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin tana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da bai daina ba bayan minti biyar, ruwa ne ke shiga inji. Bakanike ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko tukunyar salansar nan da suke kira indomi tana nan da kayan cikinta, don ana yawan farke ta a sayar. Ya kuma jona na'urar bincike ta kwamfuta.

Jikin mota kuwa, kada kyan ɗan maciji ya ruɗe ka. Naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi ƙofofi da gefen tayoyi. Inda ya ƙi kamawa, fanal-bita ya cika wurin da fila. Duba tazarar ƙofa da ƙofa, hagu da dama su zo daidai. Ɗaga shimfiɗar but, ciro safaya, ka duba ramin. Busasshen laka, tsatsa a ƙarafan ƙasan kujera, ko warin rima, alama ce motar ta taɓa nutsewa a ambaliya. Irin wannan ka bar ta ko da rabin kuɗi ce, domin wayoyinta ba za su daina ba ka wahala ba. In 'yar Amurka ce, lissafin tafiyarta da mil yake, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In lambar ta nuna kaɗan amma robar birki ta suɗe har ƙarfe na leƙowa, an mayar da lambar baya.

Kada ka yarda da zagayen layi ɗaya. Hau babban titi, misali daga Kwangila zuwa Ɗan Magaji, ka ji yadda giya ke shiga: ba fizga, ba jinkiri. Taka birki ka ji ko sitiyari na rawa. Sannan ka shiga cunkoson PZ da rana da AC a kunne, idonka kan allurar zafi. Ka ƙare da layi mai gargada don jin ƙarar ƙafafu.

Saura takardu, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Lambar chasis haruffa da lambobi 17 ce. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana jikin ƙofa, tana takarda; ukun su zama iri ɗaya. A motocin Amurka, ta goma a jerin ita ke faɗin shekara: 6 na nufin 2006, 4 na nufin 2004. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga farkon 2017, don haka duk motar da aka ce 'yar Kwatano ce, ka kai takardar kwastan ɗinta ofishinsu a Kaduna a tantance kafin ka biya. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a haɗa kwafin katin shaidar mai sayarwa, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusu mai sunansa. La'adar dillali a yanke ta tun kafin ciniki ya faɗa.

Ka rage kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗinka don juyen mai, filta, birki da tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 3521 na nufin mako na 35 a 2021. Wadda ta haura shekara biyar zuwa shida ka canza ta ko da zanenta na nan, don hanyar Kaduna da zafin bazara ba sa raga wa tsohuwar roba.

Daga wata uwargida a Hayin Dogo, Samaru: Ina son sayen firiza don sana'ar zoɓo, kunun aya da ƙanƙara. Wutarmu ba ta tsayawa, in ta zo ma sau da yawa ba ƙarfi. Muna da ƙaramin janareta irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Zai ja ta, ko sola zan nema?

Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka. Wannan ƙaramin janaretan ba zai ja ta ba, kada ma ki gwada. Firiza mai lita 200 ba ta wuce wat 100 zuwa 150 in tana tafiya, amma a daƙiƙar da kwamfuresa zai tashi yana fizgar ninkin hakan sau da yawa. Ƙaramin inji sai ya shaƙe, ki ji firizar na gurnani tana yin "ƙyas" ta mutu, ta sake gwadawa. Wannan maimaicin ne ke ƙona kwamfuresa. Wutar NEPA mara ƙarfi ma haka take yi: ana son bolt 230, in ta sauka 160 ko 170 kwamfuresa ba ya iya tashi. Ki haɗa mata sitabilaiza tata ita kaɗai, mai ƙarfin 1,500 zuwa 2,000 VA, ki danna maɓallin jinkiri, yadda in an ɗauke wuta an dawo da ita zai jira kamar minti uku kafin ya saki.

Ki sayi firiza mai buɗewa ta sama. Iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubewa in kin ɗaga murfi, don haka ta fi mai tsayuwa riƙe sanyi bayan wuta ta tafi. Kafin ki biya, a juyo miki bayanta ki karanta takardar da ke manne. Harafin T na nufin an yi ta don zafi har digiri 43, ST har 38, N ko SN kuma 32 kacal. Wasu na hannu da ake kawowa daga Turai N ne, alhali zafin Zariya a Maris da Afrilu yana dosar 40. Shi ya sa ake ganin firiza lafiya lau a hunturu, bazara na shigowa ta kasa daskarar da ruwa. Gwada robar murfi da takardar kuɗi: rufe a kanta ki ja, in ta zare ba turjiya, sanyi na tsiyaya. An kawo ta gida, ki bar ta a tsaye awa huɗu kafin ki jona, ki kuma ba ta tazarar tafin hannu daga bango. Kada ki zuba zoɓo da ɗuminsa. Kada ki sa wuƙa ki ɓamɓari ƙanƙara; bututun na kusa, kuma gas ɗin R600a da ke cikin sababbi yana kama wuta.

In janareta za ki saya, nemi mai 2 zuwa 2.5 kVA. Baƙin mansa kamar lita 0.6 ne, juye na farko bayan awa 20, daga nan kowace awa 50 zuwa 100. A hunturu ki wanke soson iskarsa duk mako. Kuma don Allah a waje za a ajiye shi, nesa da taga, ba a zaure ko lungun ɗaki ba. Hayaƙinsa na da guba mara wari da ke kashe mutane cikin barci.

Amma in aljihu zai kai, sola ta fi dacewa da wannan sana'a, domin ribar ƙanƙara ba ta jure kuɗin fetur kullum. Faranti masu jimillar wat 800 zuwa 1,000, inbata mai 1.5 kVA irin mai tsabtatacciyar wuta, da batir biyu masu 200Ah sun isa. Kowane batir na ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabi kawai ake ci in ana son ya daɗe. Dabarar ita ce firiza ta yi aikinta daga hantsi zuwa la'asar kai tsaye daga rana, ki jera robobin ruwa daskararru a ƙasanta, da dare ki kashe. A goge farantan duk bayan kwana biyu ko uku lokacin hazo.

Daga wani ɗan uwa a Gyallesu: Baƙi takwas za su zo mini daga Kano bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai dattijo da yara biyu. Gida ba zai ɗauke mu ba, ina so in kai su gidan abinci. Yaya zan kauce wa jin kunya?

Ɗan uwa, gani ya kori ji. Je wurin kwana ɗaya kafin ranar, a daidai lokacin da za ku zo, ka ci faranti ɗaya. Leƙa wurin wanke hannu da banɗaki, don yadda suke haka kicin yake. Duba ko mai karɓar kuɗi shi ke zuba abinci da hannunsa. Ranar biki Samaru da Kongo cika suke yi, don haka ka faɗa musu adadinku da lokaci, ka ba da kafin alƙalami, ka nemi tebur daga gefe saboda dattijo.

Ku isa bayan sallar azahar, tsakanin ƙarfe 1:30 da 2:30, lokacin tukunya na tururi. Tuwon shinkafa da miyar taushe, masa da aka soya a gabanka, farfesu mai tafasa, waɗannan ba su cika cutarwa ba. Wanda za ka yi hattara da shi shi ne soyayyar shinkafa da haɗin kabeji mai mayonis da suka daɗe a tire. Dafaffiyar shinkafa in ta wuce awa biyu ba zafi ba sanyi, ƙwayar cuta na iya sakin guba a cikinta, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Yara a ba su ruwan gora a rufe mai lambar NAFDAC.

Tambayi kuɗin komai dalla-dalla: nama a cikin faranti yake ko daban ake ƙirgawa, kuma harajin VAT na kashi 7.5 yana ciki ko a sama za a ɗora. Riƙe tsabar kuɗi ko da POS zai ƙi, ka tashi ka biya a kanta ba a gaban baƙi ba. In za ku biya wajen mai tsire bayan magariba, a mayar muku da shi kan wuta ya yi zafi sosai, kada a naɗe a jarida, kuma ka tuna akwai ƙuli-ƙuli a yajin ko wani cikinsu ba ya shiri da gyaɗa.

Daga wata ɗaliba a Samaru: Tukunyar gas ɗina mai kilo 6 tana ɗan wari ko na kashe. Matsala ce?

Matsala ce, 'yar uwa, fitar da ita waje yanzu. Kada ki kunna ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki, buɗe ƙofa da taga. Gas ya fi iska nauyi, a ƙasan ɗaki yake kwanciya. Kaɗa ruwan sabulu ki shafa a bakin tukunyar da inda kan murhu ya ɗauru. Inda kumfa ke tasowa, nan ne yoyon. Sau da yawa 'yar robar cikin bakin ce ta tsage, kuma masu ɗura gas na canza ta da kuɗi kaɗan. In daga jikin ƙarfen ne ko gindinta ya ci tsatsa, ba a yi mata walda, sabuwa za ki saya. Duba shekarar da aka buga a jikinta: in tukunyar ta kai shekara 15, wa'adinta ya cika.