Tambaya da Amsa: Nakan Isa Wurin Ɗalibina Raina a Dagule

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim a Jihar Jigawa, kuma bayan sallar La'asar nakan hau babur zuwa wani gari da ke kusa da mu domin in koya wa wani yaro ɗan aji shida na sakandare lissafi, saboda yana shirin rubuta jarrabawar NECO. Tun da aikin kaka ya kankama, daga makaranta gona nake wucewa, daga gona kuma sai wurinsa, don haka nakan isa a gajiye, hankalina yana kan dammunan gero da kuɗin 'yan ƙwadago. Makon jiya na daka masa tsawa a kan wani lissafi da ya kasa, tun daga ranar kuwa ya daina tambayata komai, duk abin da na faɗa sai ya ce ya gane. Yaya zan riƙa shirya kaina kafin in zauna da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi rabin aikin da ka gano cewa matsalar daga wurinka ta taso, domin da yawa daga cikinmu mukan yi wa yaro kallon daƙiƙi alhali mu ne muka zo masa da ɓacin ran da muka kwaso a wani wuri.

Abin da ka rasa shi ne tazara tsakanin gona da tabarmar karatu. Ka riƙa barin gona da wuri kaɗan, yadda za ka isa bakin garin da sauran minti 10, ka tsaya a inuwa ka kashe babur, ka wanke ƙurar fuskarka, ka sha ruwa, in da hali ka sabunta alwala. Idan akwai lissafin da ke cin ranka, kamar bashin taki ko kuɗin masu sussuka, ka rubuta shi a bayan littafinka, domin zuciya takan sassauta wa abin da ta san an ajiye shi a inda ba zai ɓace ba. Wayar ma a rufe mata baki. Ya tabbata a hadisin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mai shari'a yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, malami kuwa hukunci yake yanke wa fahimtar ɗalibinsa a kowace tambaya.

A cikin waɗannan mintuna, ka kawo yaron nan a ranka, ka tuna inda kuka tsaya da ainihin kuskuren da ya yi. Wannan ba ya yiwuwa sai kana rubuta layi biyu ko uku bayan kowane zama. A ce ka ba shi 1/2 a haɗa da 1/3 ya kawo maka 2/5. Malamin da ya zo a fusace ba ya ganin komai sai amsar banza, amma wanda ya yi tunani tun a hanya zai ga cewa yaron ya haɗa na sama da na sama ne, ya haɗa na ƙasa da na ƙasa, wato yana da ƙa'idar da yake bi, sai dai gurguwa ce. Da ka gane haka, ka san abin da za ka shiga da shi: ka tambaye shi ko mai rabin tiyar gero da aka ƙara wa sulusin tiya zai koma da abin da bai kai rabin tiya ba. Ɗan manomi ba ya buƙatar dogon bayani a kan tiya. Ka tsayar da abu ɗaya irin wannan a matsayin aikin ranar, kada tsoron jarrabawa ya sa ka ɗura masa babi uku a zama guda. Ka kuma tuna cewa mai yiwuwa shi ma daga gona ko kiwo ya dawo.

Sai ka ƙudura tun kafin ka yi sallama cewa za ka jure shirunsa. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta nazarci azuzuwa a wajajen shekarun 1970, ta tarar cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya kafin su maimaita ta ko su amsa da kansu, kuma da suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, sai amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, masu cewa ba su sani ba suka ragu. Gajiyayyen malami shi ya fi kowa gaggawa, saboda haka ka riƙa ƙirga biyar a zuci kafin ka sake buɗe baki.

Game da tsawar da ka yi, ba zubar da girma ba ne ka ce masa, "Ran nan na zo a gajiye ne, ba laifinka ba ne." Daga nan ka daina tambayarsa ko ya gane, tunda yaronmu mai kunya ba zai ce wa babba a'a ba. Ka miƙa masa biro ya yi irin aikin a gabanka yana faɗin abin da yake yi da bakinsa, kai kuma ka yi shiru har ya kai ƙarshe ko da ka ga ya kauce tun a layin farko.

Idan ka gwada wannan na mako biyu kuma gajiyar ta ci gaba da rinjayarka, ka sami mahaifin yaron ku mayar da karatun Asabar da Lahadi da hantsi, har amfanin gona ya shiga rumbu, sannan ku koma bayan La'asar kamar da.