Ruwan Madara, Ruwan Makuba da Sauran Launukan Bango

Wata baiwar Allah daga Funtuwa ta aiko da tambaya mai ɗauke da ƙorafi. Ta ce wa mai fenti ya yi mata falo da ruwan madara, da ya gama sai ta ga bangon ya ɗauko hanyar ruwan ƙwai. Shi kuma ya rantse abin da ta faɗa ya shafa. Tana so ta san wanne ne ainihin ruwan madara, kuma me ya kawo ruwa cikin maganar launi.

Hajiya, ke da mai fentin babu wanda ya yi ƙarya. Launuka uku ne ginshiƙai a Hausa: fari, baƙi da ja. Su ne suka ratsa cikin harshen har muke cewa farin ciki, baƙin jini, jan aiki. Shuɗi da kore na biye da su. Sauran kuwa jingina su muke yi da wani abin da ido ya sani, mu ce ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan hanta, ruwan hoda. A ganina daga marina wannan salo ya fito, inda ake jiƙa abu ya saki launinsa cikin ruwa, ruwan kuma ya kama zane. Har Omo, garin sabulun nan, ya ba mu ruwan omo.

To a nan matsalar take. Sunan ya dogara da abin da kowa ya gani a ransa. Ke madarar gari kike tunawa, mai kusan fari. Shi wataƙila ta gwangwani ya sani, wadda ta ɗan karkata zuwa rawaya. Kamfanonin fenti kuma ba da sunayenmu suke aiki ba, lamba suke ba kowane launi a katinsu. Don haka gani ya kori ji. A nuna launin da yatsa a kati, a rubuta lambarsa, a shafa kaɗan a gefen bango a bari ya bushe, domin ɗanyen fenti da busasshe ba kamanninsu ɗaya ba. A duba shi da hantsi, a sake dubawa da dare a hasken ƙwan lantarki.

Muna da hanyar daidaita magana ma. Maimaita kalma na rage mata ƙarfi: fari-fari, ja-ja, shuɗi-shuɗi. Amsa-kama kuma na ƙara mata: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Da kin ce masa kina son ruwan madara mai fari-fari, da an rage gardama.

Wani matashi da ke shirin aure a Maraɗi ya tambayi mene ne ruwan makuba, don ya ji kakarsa ta ce shi za a yi wa zaure.

Wannan tambaya ta yi mini daɗi ƙwarai, domin ta mayar da mu gindin bishiya ɗaya. Ɗorawa ta ba Hausa launi biyu. Garin da ke cikin 'ya'yanta shi ya haifi ruwan ɗorawa. Ɓawon kuwa, idan aka jiƙa shi, yakan saki wani ruwa mai duhu, tsakanin ja da baƙi, shi ne makuba. Da shi iyayenmu ke yi wa bango shafe, mata kuma su zuba wa daɓe don ya yi ƙarfi da sheƙi. Ashe tun kafin gwangwanin fenti ya zo muna zaɓen launin gida: farar ƙasa a ciki don haske, makuba inda hannu da ƙafa ke yawan taɓawa. Kakarka ta san abin da take faɗa, ɗana. Zaure wurin jingina ne, ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa fari. Shawarata, a yi makuba daga ƙasa zuwa daidai ƙugu, sama kuma a ba shi mai haske, don kada zauren ya yi duhu.

Ya kuma tambayi ko silin Hausa ce. Aro ce daga Turanci, kamar fenti da kala. Launi ma aro ce, daga Larabci, sai dai ta daɗe har ta zama 'yar gida. Namu na gado su ne rufi, azara, da ɗaurin guga irin wanda shahararren magini Babban Gwani ya yi a tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Silin dai fari ya fi dacewa da shi, yana mayar da haske cikin ɗaki, ya sa rufi ya yi kamar ya ƙara tsayi.

Tambaya ta ƙarshe daga wani malamin makaranta ce a Kumasi: me ya sa shafa wa mutum baƙin fenti ɓatanci ne, alhali masu hannu da shuni yabo ne, bayan duka biyun launi ne mai duhu?

Malam, bambancin na wurin wanda ya shafa. Baƙin fenti wani ne ke shafa maka don ya rufe kyan sunanka, magana ce ta zamani, ƙanwar shafa kashin kaji. Shuni kuwa daga tufafinka ya fito. Rawani ɗan Kura da riguna masu bugu, waɗanda suka sha baba a marina, tsada gare su, kuma suna barin shuɗi a hannun mai sa su. Wanda aka ga shuni a hannunsa an san ba talaka ba ne. Daga wannan shuni ne kuma muka samu shafa wa labari shuni, wato a ƙara masa ado fiye da gaskiyarsa. Ka lura, duk biyun aikatau ɗaya suka ɗauka, shafa, wanda shi ne har gobe muke faɗa wa mai fenti idan ya ɗauki burushi.