Amsar Baffa ga ɗansa: yadda Kirista yake addu'a

Ɗana,

Saƙonka ya iso, kowa a gida lafiya. Ka ce abokin ɗakinka a makaranta, Musulmi, ya tambaye ka sau nawa Kirista yake salla a yini, ina alƙiblarmu, me ya sa ba ma alwala, ka rasa ta cewa. Ka kuma ce an ɗora maka jagorancin addu'a a taron matasa ranar Laraba, gabanka sai faɗuwa yake. Tambaya biyu ka yi, amma saiwarsu ɗaya ce.

Fara gyara kalmar tukuna. Salla a wurin 'yan'uwanmu Musulmi ibada ce mai lokaci sananne da raka'o'i da sharuɗɗa, addu'a kuma abu ne dabam. Mu a Hausar ikkilisiya muna da sujada, wato taron da ake waƙa da karatu da wa'azi da baiko (kyautar da ake bayarwa domin Allah), muna kuma da addu'a, wato magana da Allah. Idan ka yi ƙoƙarin cusa namu cikin ma'aunin nasu, za ka ruɗe, shi ma ka ruɗa shi. Ka gaya masa gaskiya: Sabon Alkawari bai ƙayyade mana adadi ba. Abin da aka rubuta a 1 Tasalonikawa 5:17 shi ne a yi ta addu'a ba fasawa.

To, amma a nan ne yawancin matasanmu suke tuntuɓe. Sun ji ba a ƙayyade lokaci ba, sai suka mai da shi kamar ba lokaci sam. Gonar da aka ce ka je duk sa'ad da ka ga dama, ita ciyawa take cinyewa. Mutanen Littafi Mai Tsarki suna da lokutansu. Daniyel yana durƙusawa sau uku a yini (Daniyel 6:10), mai Zabura ya ambaci maraice da safe da tsakar rana (55:17), Bitrus da Yohanna sun nufi Haikali a lokacin addu'a na ƙarfe uku na yamma (Ayyukan Manzanni 3:1), Yesu kansa yakan tashi da asussuba ya keɓe (Markus 1:35). Kiristocin farko sun saba faɗin Addu'ar Ubangiji sau uku a yini. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, har yau suna da addu'o'in lokuta bakwai, 'yan Anglika suna da ta safe da ta yamma a rubuce, 'yan Katolika kuma suna tsayawa da ƙarfe shida na safe da sha biyu da shida na yamma. Wanda bai ɗaure wa kansa safe da dare ba, ko da minti goma ne, ba 'yanci yake ci ba, sakaci ne.

Batun alƙibla gajere ne. Matar Samariya ta tambayi Yesu ko a kan dutsensu za a yi sujada ko a Urushalima, ya ce lokaci na zuwa da ba nan ba, ba can ba, sai dai cikin ruhu da gaskiya (Yohanna 4:21-24). Kiristocin da can sukan fuskanci gabas, shi ya sa tsofaffin majami'u da yawa aka gina su haka, amma al'ada ce, ba doka ba. Alwala ma ba farilla ba ce gare mu. Wankin da aka nema ya fi na ruwa wuya: in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Wannan ba izini ba ne na shiga majami'a da ƙazanta. Kiristocin Habasha takalmi ma suke tuɓewa a bakin ƙofa.

Tsayuwa da durƙuso da faɗuwa rubda ciki da ɗaga hannu, duk suna cikin Littafi. Abin da ba ya ciki shi ne dokar rufe ido. Yesu ma sama ya ɗaga idonsa (Yohanna 17:1). Ana koya wa yara rufe ido ne don kada su yi ta kalle-kalle, kuma dabara ce mai kyau. Taron shugabannin ikkilisiya na Nikiya a shekara ta 325 har cewa ya yi a yi addu'a a tsaye ranar Lahadi, gama ranar murnar tashin Almasihu ce. Saboda haka kada ka yi gardama da kowa a kan gwiwa.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Da almajiran suka ce a koya musu addu'a, ba a ba su dogon bayani ba, an ba su Addu'ar Ubangiji (Matiyu 6:9-13, Luka 11:2-4). Ka haddace ta tun kana ƙarami, amma ka duba gininta. Kalmar farko "Ubanmu" ce. Duk ma'anar addu'ar Kirista tana nan: ɗa ne yake magana da Ubansa, ba don ya sanar da shi abin da bai sani ba, gama Matiyu 6:8 ya ce ya san bukatarmu tun ba mu roƙa ba. Sai roƙo uku da suka shafi Allah: sunansa, mulkinsa, nufinsa. Bayan nan ne namu ya shigo: abinci, gafara, tsari daga jaraba da Mugun. Ka lura da abu uku. Na Allah ne a gaba. Abincin yini aka roƙa, ba rumbun shekara ba, kamar manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, wadda in an ɓoye ta kwana take yin tsutsa (Fitowa 16). Sannan babu "ni" ko ɗaya a ciki, "mu" ce daga farko har ƙarshe. Gafarar kuwa da sharaɗi ta zo, kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi. Mai riƙe da wani a zuciya, in ya faɗi wannan layin, a kan kansa yake yanke hukunci.

Ga yadda za ka tsara ta ɗakinka. Ka tashi minti goma sha biyar kafin lokacin da ka saba. Kada ka taɓa waya, domin saƙo ɗaya ya isa ya kwashe hankalinka. In a wayar kake karatu, ka kashe data, amma littafin takarda ya fi. Ka sauko daga gado, don mai addu'a a kwance barci yake gayyata. Ka fara da Zabura ɗaya, ka karanta da murya ƙasa-ƙasa. Zabura 150 ne, mai karanta biyar kullum yana gamawa a kwana talatin, sai dai ta 119 mai aya 176 ka ba ta ranarta ita kaɗai. Daga nan ka karanta ɗan sashe daga Bishara, aya goma ta isa. Sai ka yi magana bi da bi: yabo, tuba, godiya, roƙo. A wajen tuba ka kira zunubin da sunansa. "Ka gafarta mini duk zunubaina" hanya ce ta zillewa. Ka ce ƙarya na yi wa wane jiya. In bakinka ya yi nauyi, Zabura 51 tana nan. A wajen roƙo ka riƙe ƙaramin littafi mai sunaye, ka raba su a kwanakin mako: gida yau, marasa lafiya gobe, jibi shugabanni, gama 1 Timoti 2:1-2 ta ce a yi wa masu mulki addu'a, ba ta ce sai waɗanda ka zaɓa ba. Ka sa abokin ɗakin nan naka a ciki. Ka rufe da minti ɗaya ko biyu na shiru.

Hankali zai gudu, wannan tabbas ne. Maganinsa uku: ka furta kalmomin da leɓe maimakon a zuci kawai, ka ajiye takarda kusa ka rubuta abin da ya faɗo maka don ya bar ka, ko kuma ka mai da abin da ya ɗauke hankalin ya zama abin roƙo. Akwai kwanakin da za ka ji kamar da bango kake magana. Kada ka auna addu'a da daɗin da ka ji. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu roƙa ba, Ruhu ne yake taimakon kasawarmu. A irin ranar ka faɗi Addu'ar Ubangiji a hankali, layi-layi, ka tashi.

Sai ta Laraba. Mai jagorar addu'a bakin jama'a ne, don haka "mu" zai ce. Ka tambayi shugaban taro abubuwan da ake so a roƙa, ka rubuta uku ko huɗu a 'yar takarda. Ba abin kunya ba ne. Minti biyu zuwa uku ya wadatar. Ka ɗaga murya yadda na bayan ɗaki zai ji, domin Bulus ya ce mutum ba zai ce Amin ga abin da bai gane ba (1 Korintiyawa 14:16). Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Wani yakan mai da addu'a wa'azi, yana karanta wa Allah ayoyin da shi ya ba mu. Wani habaici yake yi wa ɗan'uwa da ido a rufe. Wani yakan tona asirin mara lafiya ko na ma'aurata da sunan roƙo. In ba a ba ka izini ba, ka ce "wata 'yar'uwa", Allah ya san ta. Wani kuma duk bayan kalma uku sai ya ce "ya Uba Ubangiji", ba don girmamawa ba, don cike gurbi yayin da yake neman abin faɗa. Gara ka ɗan yi shiru. Ka kammala da "a cikin sunan Yesu Almasihu" a sarari don jama'a su san wurin amsawa. In kai ne na ƙarshe, a rufe da Alheri tare, wato kalmomin 2 Korintiyawa 13:14.

Wannan "cikin sunan Yesu" ba laya ba ce da ake liƙawa a wutsiyar magana. Ka tuna ɗan aiken sarki: ana buɗe masa ƙofa saboda wanda ya aiko shi, kuma ba ya faɗin abin da sarki ba zai ce ba. Roƙon da Yesu ba zai sa hannu a kai ba, ko ka ambaci sunansa sau ɗari, bai zama cikin sunansa ba. Shi ya sa ban yarda da wannan yayi na roƙon mutuwa ga maƙiya ba. Yakubu da Yohanna sun so su kira wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, aka tsawata musu (Luka 9:54-55), umarnin Matiyu 5:44 kuwa a yi wa masu tsananta mana addu'a ne. Na san wannan yana da ɗaci ga iyalan da rikici ya taɓa. A kai kukan gaban Allah yadda yake, Zabura cike take da irinsa, a nemi adalci, amma ramuwa a bar masa.

Ihu ma ba ƙarfin addu'a ba ne. Annabawan Ba'al sun yi ta kururuwa daga safe har yamma ba amsa (1 Sarakuna 18), Hannatu kuwa leɓunanta kawai ke motsi (1 Sama'ila 1:13). Kwanan addu'a abu ne mai kyau, Yesu ma ya kwana yana yi (Luka 6:12), amma lasifikar da ta hana maƙwabci mara lafiya barci ba ta ƙara wa roƙon kome. Man shafawa da ruwan da ake sayarwa da sunan addu'a kuma ka yi nesa da su. Yakubu 5:14 ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai; babu farashi a wurin, Siman da ya kawo kuɗi don ya sayi baiwar Allah kuwa ya sha tsawa daga Bitrus (Ayyukan Manzanni 8:18-20). A yi addu'a, a kuma kai mutum asibiti. Luka da ya rubuta Bishara likita ne.

Azumi yakan raka addu'a. 'Yan Katolika da Anglika da wasu suna kiyaye kwana arba'in kafin Ista, daga Larabar Toka, ba a lissafa Lahadi. A ikkilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN da makamantansu an fi yin sa in ikkilisiya ta kira ko mutum ya ɗaura niyya. Ka fara da rabin yini, ka ba addu'a lokacin da ka saba cin abinci, in ba haka ba yunwa kawai ka sha. Mai gyambon ciki da mai ciwon sukari da mace mai juna biyu su nemi shawarar likita. Kada kuma ka yi ta yamutsa fuska don a sani (Matiyu 6:16-18).

Za ka ga abokanka 'yan Katolika da carbi. Ƙwaya 59 gare shi, hamsin daga ciki an kasa su goma-goma har biyar, kowane kashi suna tunani a kan wani abu na rayuwar Yesu da Maryamu. Su cewa suke roƙonta suke ta yi musu addu'a, ba bauta mata suke ba. Mu kuma mun tsaya a kan 1 Timoti 2:5, matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato Yesu. Ka san bambancin, ka bar zagi.

Kana iya tambaya, in an roƙa ba a samu ba fa? Wani lokaci laifin namu ne: Yakubu 4:3 ta ambaci roƙo don biyan sha'awa, 1 Bitrus 3:7 ta ce mijin da bai girmama matarsa ba addu'arsa tana toshewa, ka ajiye wannan don gaba. Wani lokaci kuwa ba laifin kowa. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka ce alheri ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:8-9). A Getsamani Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya ƙara da cewa ba nufinsa ba sai na Uba, ƙoƙon kuwa bai wuce ba. Don haka duk wanda ya ce wa mai makoki rashin bangaskiyarsa ce ta jawo, ya yi masa zalunci.

Abokin naka, in ya sake tambaya, ka amsa a taƙaice, ka kuma tambaye shi nasa, ka saurara. Lokacin da ya shimfiɗa darduma ka rage sautin waya, kada ka gitta ta gabansa. Ranar Laraba ka isa da wuri, takardarka a aljihu, ka aiko mini da labarin yadda ta kaya. Innarka tana gaishe ka.

Baffanka