Tambaya da Amsa: Wai Cibiyar Renon Sana'a Jari Take Rabawa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni matar aure ce a Tudun Wada nan Zariya, ina haɗa sabulun ruwa da man shafawa ina kaiwa shaguna a Sabon Gari da Samaru, to matsalata manyan shaguna sun ce ba za su karɓa ba sai da lambar NAFDAC, ga shi a kicin ɗina nake aikin. Sai wata a gurup ɗinmu na WhatsApp ta ce gwamnati na da wurin renon ƙananan sana'o'i ana ba da jari, wai a tura mata 5,000 kuɗin fom ta sa sunan mutum. Don Allah gaskiya ne, kuma nawa ake bayarwa?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ki riƙe dubu biyar ɗinki tukuna, ki ƙara da ita a kuɗin kemikal, don hukumar gwamnati ba ta karɓar kuɗin fom ta akawun ɗin wata a gurup.

Wurin kam akwai shi, kuma ba yau aka fara ba. Hukumar NBTI ce ke kula da cibiyoyin, tana ƙarƙashin ma'aikatar kimiyya da fasaha ta tarayya, cibiya ta farko an buɗe ta a Agege ta Legas a 1993, ta Kano ta biyo baya a 1994. Amma fa ba jari suke rabawa ba, nan ne mutanenmu ke yawan shan mamaki, mutum ya je da buhu ya dawo yana cewa an cinye. Abin da ake ba ki shi ne ɗakin aiki a kan haya mai sauƙi, da injinan da za ku riƙa amfani da su ku da yawa, a koya miki rubuta shiga da fita, a haɗa ki da NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki wato SON, in tafiya ta yi tafiya a nuna miki ƙofar bankin masana'antu wato BOI, shi ma bashi ne ba kyauta ba. Kamar shekara 3 ake yi sai a yaye ki wani ya shigo. Kuma mai saye da sayarwa ba shi suke nema ba, mai sarrafa abu da hannunsa suke so, kin ga ke kin shiga layi.

Ni a ganina ɗakin nan ya fi miki jarin amfani. Jami'an NAFDAC sai sun zo sun ga inda ake haɗa kayan da idonsu, to in suka tarar da bokitin sabulu kusa da tukunyar miya ga yara na shiga da fita ai magana ta ƙare, ko miliyan aka ba ki lambar nan ba za ta fito daga kicin ba.

Sai dai kar in yi miki romon baka, ɗakunan ba su da yawa, masu nema kuma rututu, wani wurin ma wutar sai a hankali. Shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya. Ki yi wa sunan kasuwancinki rajista da hukumar rajistar kamfanoni wato CAC, ki yi ta hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i wato SMEDAN a shafinsu, ki sayi littafi ki riƙa rubuta kowace jarka da kika haɗa da abin da ta ci da abin da ta kawo, sannan ki je da samfurin kayanki a kwalba mai tsafta da lakabi. Ki kuma leƙa cibiyar bincike ta NARICT da ke Basawa, harkar sinadarai ce aikinsu, ga su a ƙofar gida amma wallahi da yawa cikin masu sabulun garin nan ba su taɓa taka wurin ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗinkin takalma nake a Sabon Gari, na ji an yi dokar tallafa wa sabbin kamfanoni, mu ma muna ciki?

AMSA: Ɗan uwa wannan dokar da Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 ta kamfanonin fasahar zamani ce, masu manhaja da makamantansu, kuma sai hukumar bunƙasa fasahar sadarwa wato NITDA ta ba kamfani shaida kafin ya ci moriyarta, don haka ba ta shafi mai ɗinkin takalma kai tsaye ba. Kai cibiyar NILEST da ke Samaru ce taka, can ake koyar da jima da aikin fata, ka je da takalma ƙafa biyu ko uku cikin waɗanda ka fi ji da su ka tambayi gajeren kwas ɗin da suke da shi.