Shawarwari ga manoma: buldog ba karen gadin gona ba ne

Wani mai gidan kaji daga wajen Gezawa ya rubuto cewa ɓarayi sun addabe shi. Ya ga hoton buldog a Facebook, fuskar nan murtuk, kuma kuɗin da aka yanka masa ya isa sayen tumaki da dama. Yana tambaya ko zai yi masa gadi.

Malam, ka riƙe kuɗinka. Fuskar da ta burge ka ita ce babbar lalurarsa. Asalin karen nan daga Ingila yake, inda a da ake ɗaure bijimi a turke a saki karnuka su cafke masa hanci, jama'a na kallo. An haramta wasan a 1835. Daga nan masu kiwo suka mayar da shi karen ɗaki, suna ta zaɓen mai gajeren hanci, faffaɗan kai da sanyin hali. Buldog na yau bai wuce kilo 25 ba, ƙafafunsa gajeru, kuma ya fi son kwanciya kusa da yara a kan zagaya shinge.

Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa, iska na bi ta dogon hanci da harshe tana sanyaya shi. Shi kuwa buldog an takure masa ƙashin fuska amma naman ciki bai ragu ba. Ƙofofin hancinsa matsattsu ne, naman ganɗarsa ya yi tsawo yana toshe maƙogwaro. Shi ya sa za ka ji yana minshari ko idonsa biyu. To, ka kawo wannan dabba gonarka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Kano. Zai fara haki, hakin ya kumbura maƙogwaro, kumburin ya ƙara toshe numfashi. Sai ka ga kumfa a baki, harshe da dasashi sun koma shuɗi-shuɗi, ya zube. Ɗan gudu kaɗan da tsakar rana ya isa ya kashe shi. Wanda ko numfashinsa bai ishe shi ba, wane ɓarawo zai bi?

Ka nemi 'yan kwikwiyo biyu wurin mafarautan garinku, su tashi tare da kajinka tun suna ƙanana don kada su riƙa cin su. Dubi karen Azawak da Buzaye ke kiwo a Nijar da Mali: dogon hanci, siririn jiki, gajeren gashi. Irin ƙirar da ƙasarmu ke buƙata ke nan, kuma karen gida ma haka yake.

Wani matashi daga Zariya yana son ya riƙa kiwon buldog yana sayar da 'ya'yan. Ɗana, sama da kashi 80 cikin 100 na haihuwarsu sai da tiyata, domin kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugun uwar. Ka fara lissafa kuɗin likita kafin ka lissafa riba.

Wata Hajiya daga Kaduna ta ce ɗanta ya riga ya kawo buldog gida, kuma fuskar karen na wari. Hajiya, danshi ne ke maƙalewa a cikin naɗe-naɗen fatar. A riƙa buɗa su kullum ana gogewa da tsumma mai tsabta, sannan a busar sarai. In wurin ya yi ja ko yana ruwa, sai likitan dabbobi. A fita da shi da sassafe ko bayan magariba kawai, igiya a ƙirji ba a wuya ba. Kada ruwan sha ya yanke a inuwa, kada kuma ya kusanci tafkin kifi, don bai iya iyo ba. In zafi ya kayar da shi, a kwarara masa ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a garzaya asibiti.

Sai wanda ya fesa wa karensa maganin feshin wake don kashe kaska, yanzu karen na dalalar miyau yana karkarwa. Sau nawa zan faɗa? Maganin gona na gona ne! Ka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, ka kai shi likita yau, guba ce ta shiga jikinsa ta fata. Nan gaba a ba ka maganin kaska na karnuka, ka bi awon da aka rubuta. Ka kuma lilliƙe tsagogin bangon ɗakinsa, a can kaskar ke ƙwai. In ka ga dasashi ya yi fari ko fitsari ya yi ja, mai yiwuwa zazzaɓin kaska ne.

Ana iya ba kare sauran tuwo? Ana iya, amma ban da miya mai albasa, tana lalata masa jini, ban da kuma dafaffen ƙashin kaza.

Mai tambaya a kan allurar haukan kare: a yi ta yana wata 3, a maimaita duk shekara, buldog ne ko karen gida. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana haɗa ta, kuma a asibitin dabbobi ake yi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.