Tambayoyin Masu Karatu: Ƙwayar lido da mwayen ɗin bilten (matsakaicin maki a takardar sakamako)

TAMBAYA: Malam salamu alaikum, ni ɗan aji Premiyer ne a wani lise a Garwa, bana zan zauna jarrabawar Probatuwar. Malamin lissafinmu ya ce damar fitowar shida a ƙwayar lido ɗaya ce cikin shida. To kenan in na jefa sau biyar ba ta fito ba, a na shida dole ta fito ko? Musu ya kaure tsakanina da abokaina.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Ba dole ba ne sam. Ƙwayar ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta san me ya fito ɗazu ba, duk jifa sabo ne, fuska shida ne da ita kuma kowacce damarta daidai da ta 'yar uwarta, ko sau ashirin ka jefa babu shida, jifa na gaba ɗaya cikin shida ne dai.

Bari mu lissafa tare don ka gani da idonka. Damar shida ta ƙi fitowa a jifa ɗaya 5/6 ce. Ta ƙi fitowa sau shida a jere kuwa sai ka ninka 5/6 da kanta har sau shida, ka sami 15625/46656, wato kusan kashi 33 cikin 100. Ma'ana cikin mutum uku da kowa ya jefa sau shida, kusan ɗaya zai tashi bai ga shida ba ko sau ɗaya. Waccan ɗaya cikin shida da malaminku ya faɗa sai an yi jifa mai yawan gaske take bayyana, ku haɗu da abokan naka ku jefa sau 600 kuna rubutawa a kaye, wato littafin rubutu, za ku ga shida ta fito wajen sau 100, ta ɗan haura ko ta ɗan gaza.

Kuma ba ku kaɗai abin ya ruɗa ba, ai tambayoyin 'yan caca ne suka sa Blaise Pascal da Pierre de Fermat na Faransa musayar wasiƙu a 1654, daga nan aka ɗora harsashin wannan ilimin. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin tunanin nan na "yanzu kam dole ta fito" shi ke riƙe samarinmu a shagunan cacar ƙwallo na parifut, yaro ya faɗi sau biyar ya ce gobe rabonsa ne, kuɗin makaranta ya tafi a haka. Don Allah ka nisanci wajen.

TAMBAYA: Malam na ci 16 a tarihi, 8 a lissafi, na ɗauka mwayen ɗin biyun 12 ne amma lissafin bilten bai nuna haka ba. Kwafisiyan lissafi, wato nauyin da ake ba darasin, 4 ne, tarihi 2. Ɗaliba daga Marwa.

AMSA: 'Yata ba a cuce ki ba. Kowane maki ana ninka shi da kwafisiyansa, 8 sau 4 ya ba da 32, 16 sau 2 shi ma 32, jimla 64, sai a raba da 6, wato kwafisiyan 4 da 2 a haɗe, ba da 2 ba, ya zama 10,67. Yanzu duba nan, in kin ƙara maki 3 a tarihi 11,67 za ki samu, in a lissafi kika ƙara 3 ɗin kuwa kin kai 12,67. Saboda haka mafi yawan lokacin bitarki a ba wa lissafi, ki nemi tsofaffin takardun jarrabawa ki riƙa yi kullum bayan isha'i, inda kika maƙale ki kai wa malaminki.